Ruwan da Habsu Take Tarawa

Famfon unguwarmu ya ɗauke tun farkon makon nan. Ga zafi, ga hadari yana taruwa bisa duwatsu kowace la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya watse ba ko ɗigo. Jiya da hantsi siterna, motar ruwa, ta shigo layinmu tana hon, mata suka fito kowace da bidonta, wato jarkarta, 'yan matan yanzu har masifa suke yi wa direban wai ya makara. Na tsaya bakin ƙofa ina kallonsu, na ce a raina, ku dai ba ku san Tamanrasset ta da ba. Sai idona ya faɗa kan wani bido da aka naɗe da buhu aka ɗinke, irin na matafiya. Na koma ciki na zauna, ruwan ma maƙwabciyata ce ta karɓar mini.

Shekarar da nake tunawa, ba a janyo ruwan famfo daga arewa ba tukuna. Ruwa sai na siterna, ita kuma ba ta da rana. Azumi ya faɗo tsakiyar zafi. A gida kuwa damina ta ƙi, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, mutanen ƙauyukan Kance suka yi ta kwararowa nan Tam, kamar yadda muke kiran Tamanrasset, yawancinsu mata da goyo. Maza suna shantiye, wurin gine-gine, suna ɗaukar siminti da bakin azumi, mata suna wanki da shara a gidajen mutane, yara kuwa suna zube a layi ba mai kallonsu.

Ni lokacin ina ji da kaina. Na yi karatun malanta a Damagaram, na koyar a lekkol, makarantar boko, kafin Alhaji maigidana ya kawo ni nan inda yake da butik, shagon saye da sayarwa. Zaman banza bai karɓe ni ba, sai na tara yaran baƙi a rumfar kwano cikin tsakar gidanmu, na shafa wa tsohuwar ƙofa baƙin fenti ta zama allo. A makarantar malanta akwai wani malaminmu, Mushe Ilya, dogo mai tari, shi ya koya mana sikoloji, ilimin sanin halin mutum. Yakan ce ba wanda ya taɓa ganin hankali da ido, sawunsa ake gani, yadda makiyayi ke duba ƙasa ya ce raƙumi ya wuce nan kuma yana ɗingishi. Abin da yaro ya yi da abin da ya ƙi yi, su ne sawun. Malamin da bai iya bin sawu ba, allo yake koya wa karatu. Na haddace maganar nan, kuma na ɗauka na fi kowa iya bin sawu a faɗin Tam.

Yadda muke yini a azumin nan, gari na wayewa kunne yana waje, ko za a ji ƙarar siterna. In ta zo, alhamdulillahi, a cika randa da duro. In ba ta zo ba, a duba na jiya. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanoni, shi ɗin kuma a yayyafa a ƙasan rumfa don ƙura ta kwanta. Yara su zo mu yi karatu har kwanon rufi ya fara ƙara don zafi, sai in sallame su. Azahar kuwa gari yakan mutu, ko akuya ba ta kuka. Harshe ya yi nauyi a baki, in ka haɗiyi yawu ka ji maƙogwaro yana kartawa. Da la'asar a ɗora kunu, maƙwabciyarmu Balarabiya ta miƙo shorba ta kan katanga, mu miƙa mata fura. Wanda ya sami dabino ya raba, wanda bai samu ba ya buɗe baki da ruwa.

Azumi bai daɗe da kamawa ba Gwaggo Delu ta kawo mini Habsu. Delu gajeruwar mace ce mai faɗa, 'yar Kance, tana zaune a babban gidan hayar da ke bayan namu tare da mata da yawa. Yarinyar ba ta wuce shekara takwas ko tara ba, siririya, leɓɓanta duk sun tsage.

"Madam, ga ɗiyar ƙanena. Ki riƙe mini ita da safe in samu in yi wankina. Karatu kam ban ce za ta yi ba."

Na ce, "Ina uwarta?"

Ta ja ni gefe ta rage murya. Motar da suka taho cikinta ta mutu tsakanin Arlit da iyaka, ruwa ya ƙare. Masu sauran ƙarfi suka taka da ƙafa, Habsu ta biyo su. Uwar tana da jinjiri, ƙafafunta sun kumbura, ta zauna gindin motar da waɗanda suka rage. Ko da aka koma, sai dai aka yi musu sutura a wurin. Na ce Allah ya jiƙan su, na kama hannun yarinyar na zaunar da ita kan tabarma.

Habsu ba ta kallon allo. Duk inda na zaunar da ita sai ta juya ta fuskanci randar da na ajiye wa ƙananan da ba su azumi. In na kira sunanta, shiru. In wani yaro ya ɗebi ruwa ya zubar da saura a ƙasa, sai ta ƙwalla ƙarar da har kajin maƙwabta sai sun watse. Sa'o'inta suna rabin azumi, ita tana kai shi har faɗuwar rana ba wanda ya sa ta. Da farko matan gidansu yabo suke, wai ga 'yar albarka. Amma Delu ta lura ko an sha ruwa, kurɓa ɗaya take yi ta sulale da kofin.

Daga nan randunan gidan haya suka fara raguwa ba dalili. A irin lokacin nan, ka taɓa kuɗin mace ta yafe, ka taɓa ruwanta ku kwana kuna yi. Aka yi ta zargin juna, har wata ta bi sawun yarinyar zuwa bayan wasu fasassun bulo. Nan aka tarar da kwalabe, da gwangwanayen tumatir, da leda ƙulli-ƙulli, duk ruwa, wani har ya yi kore. Gida ya ɗauka. Wata tsohuwa ta ce ai magana a fili take, mutanen ɓoye na dajin nan ne suka biyo ta, su take shayarwa. Aka yi turare, aka karɓo rubutu. Habsu ta karɓa ta riƙe a kumatu, aka juya baya ta juye shi cikin kwalba.

Delu ta zo ta same ni da la'asar, idonta ja. "Madam, na gaji. Bayan Sallah zan sa ta motar Agali direba mu koma gida. Akwai malami a garinmu da ya san aikin iska."

A sake ɗora yarinyar nan kan hanyar da ta cinye uwarta, a kai ta ƙauyen da ba gero ba lekkol? Na ce, "Delu, ba iska ba ce. Tsoro ne."

"Ke kin ga tsoron da idonki?"

"Ke kin ga iskar?"

Ta yi tsaki, amma ta zauna. Na ce mata akwai ilimin da ake koya wa malamai na sanin halin mutum, yadda yake ji, da yadda yake koyo, da abin da ke hana shi koyo. Ta ce halin mutum sai Allah. Na ce haka ne, amma ai ba ni na ce sanin hali ya fi sanin kama ba, a bakin tsofaffi na ji. "Ki ba ni ita zuwa Sallah. In ta daina taɓa ruwan mutane, ta fara karatu, ki bar ta nan wurina. In na kasa, ni da kaina zan raka ku bakin mota."

Ta ce, "To, 'yan boko. Mu gani a ƙasa."

Na ɗauki kwanaki ban ce wa Habsu ta karanta komai ba, kallonta kawai nake. Na ga in randa ta cika kafaɗunta sukan sauka, in ruwan ya yi ƙasa sai ta fara kaɗa ƙafa. Na ga leɓɓanta suna motsi in yara suna maimaita baƙaƙe, ashe kunnenta yana tare da mu. Na ce yawwa, na gano. Tsoron ƙishi ne ya cika kan yarinyar nan har bai bar wa karatu wuri ba. Duka ba zai fitar da shi ba, turare ma haka. Abin da take bukata ta san tana da ruwan da ba mai ƙwace mata.

Na sa Alhaji ya kawo mini bidon mai daga butik, na wanke shi da toka har ƙauri ya fita. Na ajiye shi gefen tabarmarta. "Habsu, wannan naki ne. Ba mai taɓawa, ko ni." Na zuba mata moɗa ɗaya daga rabon gidana, na ce kullum haka zan yi. Sannan na ɗora ta kan randar yara, duk mai jin ƙishi ita ke ɗebar masa. Wallahi ko ɗigo ba ya sauka ƙasa a hannunta.

Kafin mako ya zagayo satar ruwa ta tsaya. Wata safiya ta leƙa cikin bidon, ta ɗago ta dube ni, na ji maganarta karon farko. "Madam, yaushe zai cika?"

Na ce, "Sannu a hankali, 'yata. Zo mu yi karatu kafin ya cika."

Ta zo. Ban taɓa ganin yaro ya kama baƙaƙe da irin wannan yunwa ba. Hannu ɗaya kan murfin bido, ɗaya riƙe da alli. Ta wuce waɗanda suka riga ta zuwa, tana zana haruffa a ƙasa, a bango, har a bayan faranti. Delu takan leƙo ta tsaya da kwandon wanki a ka, ta taɓe baki, ta wuce, amma na san ta gani. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na dami Alhaji da labarin Mushe Ilya wurin shan ruwa, har ya ce, "Madam, ki ci gaba da kwashe ruwan gidan, mu sai mu buɗe baki da sikoloji."

Goman ƙarshe ta yi mana tsanani. Siterna ta yi ɓatan dabo, duro ya koma ƙara in an buga. Aka kawo wani ɗan Maraɗi daga shantiye a kwance, ya faɗi da buhun siminti a kafaɗa. Muka daina wanki, alwala ta koma taimama. Na rage moɗar Habsu zuwa rabi, amma ban fasa ba. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi nauyi ba, duk wuyar nan ba ta taɓa buɗe bidonta ta kurɓa ba. Na ce wa kaina ai mallakar ce maganin, ba shan ba.

Ana saura kaɗan Sallah hadari ya taso daga wajen duwatsu, wannan karon bai watse ba. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigon farko. Sai aka tsuge. Kwanon rumfa ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Mata suka fito da tukwane da bahuna da duk abin da ke da baki, tsofaffi suna kabbara, masu azumi suna tsaye cikin ruwa bakinsu a rufe suna dariya ta hanci. Kori, busasshen rafin gari, ya sauko ja wur yana jan itace da tsummoki, maza suka ruga kallo. Habsu kuwa ta ja bidonta zuwa ƙarƙashin indararo, ta rungume shi, ruwa yana dukan kanta har ya tumbatsa. Ta murɗa murfin da hannu biyu. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Ranar Sallah Delu ta shigo da tuwo, ta dire mini. "Kin ci, Madam. Ta zauna wurinki. Ni zan je in kai wa na gida ɗan abin da na tara in dawo." Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Kashegari Habsu ta ce ita ma motar Agali za ta shiga. Aka ɗauka wasa ne. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ta zauna bakin ƙofa da bidonta tana kuka ba sauti. Na lallashe ta, na nuna mata sabon littafin da na saya mata, ko kallonsa ba ta yi ba. Delu ta ce yarinya ta warke, jini ne ke kiranta wurin dangin ubanta. Na ce ba haka muka yi ba. Ta ce, "Ba ke kika ce a riƙa sauraron yaro ba? To ga shi ta faɗa." Na lallashi kaina da cewa wanda ya nemi hanya da ƙafarsa tsoron hanya ya sake shi, kuma Delu ta yi alkawarin dawo da ita.

Na raka su bayan gari inda motoci ke lodi. Agali Buzu ne ɗan Agadas, Hausarsa tsaf, ya daɗe yana bin hanyar nan. An rataye wa kamiyonsa, babbar motar kaya, ruwa gefe da gefe, kowane bido a ɗinke cikin buhu don ya riƙe sanyi, kowane da sunan mai shi a jiki, don a daji ba a shan ruwan wani. Habsu ma ta ɗinke nata da kanta, ɗinki karkace, ta rubuta suna da gawayi manya-manya. Na duƙa in yaba rubutun ɗalibata, sai na ga an sa RABI.

Na ce, "Ke Habsu, duk karatun nan kin manta sunanki?"

Ta ce, "Ba nawa ba ne, Madam. Na Inna ne."

"Na Inna?"

"Ita ta aike ni. Ta ce in bi mutanen nan in kawo musu ruwa ita da Auta. Ta ce kar in waiwaya, kar in dawo sai ya cika." Ta shafa buhun. "Na daɗe. Za ta yi mini faɗa."

Na juya wurin Delu. "Ba ku gaya mata ba?"

"A gaya wa yaro mutuwa? Mun ce mata tana nan tafe. In ta girma ta gane da kanta."

"Delu, yarinyar nan tana zaton..."

"Ba a bakin mota ba, Madam, don Allah. Kar ki ja mana."

Wani fasinja ya ɗaga Habsu sama, ta ƙi yarda a rataye bidonta da na mutane, ta ɗora shi a cinya. Injin ya tashi. Ta ɗago mini hannu tana murmushi, ƙura ta rufe su. Na tsaya a wurin har masu shayi suka fara tambayata ko lafiya.

Bayan wasu makonni Agali ya dawo Tam. Bai aiko ba, da kansa ya zo butik ya ce wa Alhaji yana son ganin malamar. Aka kawo shi zaure, na tsaya daga ƙofa. Ya gyara rawaninsa ya fara magana.

"Madam, sun isa Arlit lafiya. Amma yarinyar nan ta hana ni barci."

Ya ce tun da suka wuce iyaka take tsaye bisa kaya tana dube-dube. Can tsakiyar fili ta fara dukan rufin mota da hannu tana ihu a tsaya. Ya tsaya. Ta sauko da bidon, ta dubi gabas ta dubi yamma, rairayi ne iri ɗaya ko'ina. Ta tambaye shi, Baba, nan ne? Shi bai san inda waccan motar ta mutu ba, ba shi ya ja ta ba. Fasinjoji suna masa magana, rana tana bisa kai, gwaggon tana kuka ta rufe fuska. Sai ya ce mata nan ne.

"Ta ja bidon ta yi nisa da mu kaɗan. Tana kira, Inna, ga ruwan. Inna, na kawo. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Ba wanda ya iya sauka ya kamo ta. Da ta gaji ta ajiye shi tsaye, ta tara masa rairayi a gindi kar iska ta kayar, ta dawo ta hau mota da kanta."

Na ce, "Ta yi kuka?"

"Da ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, Baba mu tafi. Sun gaji da jirana. Ni na makara."

Delu ba ta sake dawowa Tam ba. Na aika saƙo ta bakin masu zuwa gida, aka ce mutanen ƙauyen sun watse a shekarar, wasu kudu wasu yamma. Har yau ina koyarwa, rumfar ta zama ɗaki mai fanka, yaran da na fara da su wasu sun kawo mini nasu. Duk ɗan Kance da ya shigo butik sai na tambaye shi ko ya san wata Habsu ɗiyar Rabi, har Alhaji ya daina yi mini magana. In tana raye yanzu ita ma uwa ce, ta yi goyo, wataƙila ta gane da kanta abin da ke sa mace ta ce wa ɗiyarta kar ta waiwaya. Wataƙila kuma ba ta gane ba. Magana ɗaya nake riƙe da ita duk shekarun nan, ban sami mai kai mata ba. Habsu, ba ki makara ba. Innarki ba ruwa take jira ba.